Furuci Ne Karatu, Ko Kuwa Fahimta?

Duk wanda ya fito daga birnin Kano ta hanyar Zariya, ya karkata a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har ya faɗa ƙasar Doguwa, inda duwatsun Riruwai suke tsaye kusa da iyakar Kano da Kaduna da Bauchi, in dai ya kwana a ɗaya daga cikin garuruwan da ke bakin wannan hanya, ba zai rasa jin muryoyin yara iri biyu ba. Ta farko tana tashi da asuba, ta sake tashi bayan magariba, daga zaure ko tsangaya, inda kowane yaro ya rungumi allonsa yana biya abin da aka rubuta masa. Ta biyu tana tashi da hantsi daga azuzuwan firamare, inda malami ke tsaye gaban baƙin allo yana faɗar jimla da Turanci, yara cike da aji suna amsa masa da murya ɗaya. Mai wucewa zai ce duka biyun karatu ake yi. Amma akwai mas'ala a nan wadda ta cancanci a zauna a kanta, domin a kanta ne amfanin duk wani littafi da kayan koyarwa da za a kai wa malamin firamare ya rataya: shin yaron da ya furta abin da ke rubuce, alhali bai san abin da ake nufi da shi ba, ya yi karatu ko bai yi ba? In kuma aka ce ya yi a zaure, wace hujja ce za ta hana a ce ya yi a aji?

Malaman balaga da na usulu sun daɗe da raba magana gida biyu, lafazi da ma'ana. Lafazi shi ne abin da harshe ke furtawa kunne ya ji, ma'ana kuwa ita ce abin da ke sauka a zuciya bayan an ji. Shi rubutu alama ce da mutane suka yi ittifaƙi a kanta don ta tsaya a madadin lafazi, yadda shi ma lafazin ya tsaya a madadin ma'ana. Saboda haka mai karatu zango biyu yake ci, daga alama zuwa sauti, sa'an nan daga sauti zuwa nufi. Akwai yaron da ya ci zangon duka biyu, wannan babu jayayya a kansa. Akwai wanda ya ci na farko ya tsaya, yana iya haɗa baƙi da wasali ya fitar da kalma daidai, amma in ka tambaye shi me ta ce sai ya yi shiru. Sa'an nan akwai na uku, wanda ko zangon farko bai ci ba, idonsa na kan allo amma da kunne yake ɗauka, abin da malami ya faɗa shi yake mayarwa. Kuma wannan na uku shi ya fi ban tsoro, domin jahilcinsa a ɓoye yake cikin muryar jama'a, yana iya shekara uku ko huɗu yana amsawa tare da 'yan ajinsu, malami bai sani ba, uba bai sani ba, shi kansa bai san cewa bai iya ba.

To, mu fara da zaure, tun da shi ne ya riga. Alƙur'ani mai girma yana da hukunci wanda babu wani rubutu da ya yi tarayya da shi a ciki, wato tilawarsa ibada ce a kan kanta, ko an fahimta ko ba a fahimta ba. Ya tabbata a hadisi cewa kowane harafi da aka karanta yana da lada ninki goma, ya kuma tabbata cewa wanda yake karantawa da ƙyar, harshensa yana sarƙewa, lada biyu gare shi. Salla ba ta inganta sai da Fatiha da lafazinta na Larabci, ko mai sallar Bahaushe ne ko Bafillace ko Bakurme. Ashe ke nan a wannan babi lafazi shi kansa abin nufi ne, kuma yaron da ya furta shi daidai ya sami wani abu na haƙiƙa wanda zai yi salla da shi gobe, ya riƙe shi har kabari. Duk da haka malamanmu ba su taɓa cewa a tsaya a nan ba. Littafin da kansa ya yi umurni da tadabburi, ya kuma zargi waɗanda aka ɗora wa littafi suka ɗauke shi ba su amfana da abin da ke cikinsa ba, kamar yadda ya zo a Suratul Jumu'a. Shi ya sa bayan sauka ake komawa makarantar ilimi, a ɗauko Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, a hau Risala, mai rabo ya kai Askari da Muhtasar. Kuma a can duk gaɓar da ɗalibi ya karanta da Larabci sai malami ya fassara masa ita da Hausa kafin a wuce. Haka nan tafsirin azumi, mai jan baƙi ya ja aya, malami ya warware ta da harshen da tsohuwa da yaro za su gane. Tsarin ya jinkirta ma'ana ne da gangan, bisa dalili sananne, kuma ya ajiye mata lokacinta.

Abin da masu raina makarantar allo ba su cika lura da shi ba shi ne yadda ta ƙware a zangon farko, da kayan aikin da ba sai an jira su daga birni ba. Allo daga icen aduwa ake sassaƙa shi, alƙalami daga gamba ake fiƙe shi, tawada daga zuge da ƙaro ake dafa ta. Yaro yana farawa da babbaƙu, haruffa tsirara babu wasali, kuma kowane harafi an raɗa masa suna da Hausa wanda ke bayyana kamanninsa: ba guje, ha ƙarami, ha mai ruwa, ɗa mai hannu. In ya gane su ɗaya bayan ɗaya sai a shiga farfaru, a sa wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri, har ya iya haɗawa da kansa. Mafi muhimmanci duka, kowane yaro da nasa allon a hannunsa, darasinsa daidai da inda ya kai, kuma ba ya wankewa sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya biya, yatsansa a kan harafin da yake furtawa. Hayaniyar da mai wucewa ke ji a tsangaya muryoyi ne dabam-dabam, kowa da surarsa. Yaro na uku da muka ambata ba shi da wurin ɓuya a nan, domin ranar biyawa tana zuwa.

Yanzu mu koma aji. Jimlar Turanci da ke kan baƙin allo, wadda ke ba da labarin wani yaro da ƙwallonsa ko wata yarinya da kyanwarta, ba ta da hurumin da zai sa furucinta ya zama ibada. An rubuta ta ne don ma'anarta kawai, in ma'anar ta faɗi babu abin da ya saura. Wanda ya ɗauko al'adar zaure ta furuci kafin fahimta ya kawo ta nan, ya yi abin da malaman usulu ke kira ƙiyasi tare da bambanci, wato ya daidaita abu biyu a hukunci alhali illar da ta sa hukuncin tana ga ɗaya ba ta ga ɗayan. Mafi muni ma, rabin al'adar aka ɗauko: an ɗauko maimaitawa, an bar allo a hannun kowane yaro, an bar biyawa ɗaya-ɗaya, an bar sunayen haruffa da harshen yaro. Sakamakon haka shi ne yaron da zai rera maka shafi guda da ka, littafi a rufe, amma in ka buɗe ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya daga tsakiya ka ce mece ce wannan, sai ido ya raina fata. Wannan ciwo kuwa ba na Doguwa ba ne ita kaɗai. A shekarar 2022 Bankin Duniya da hukumomin da suka yi aikin tare da shi sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa ƙiyasin ya kai kashi 89. Kuma da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta kullum.

Mas'alar ba sabuwa ba ce a wurin malaman Musulunci, har ma an taɓa tayar da ita a kan Alƙur'ani kansa. Ibn Haldun, a cikin Muƙaddima wadda ya rubuta a 1377, ya kwatanta yadda mutanen Magrib da na Andalus da na Ifriƙiyya da na Gabas suke koyar da yara, sa'an nan ya kawo ra'ayin Alƙali Abubakar ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Ishbiliyya wanda ya rasu a 1148. Alƙalin yana ganin a fara wa yaro da harshen Larabci da waƙoƙinsa, a bi da lissafi, sa'an nan a kai shi ga Alƙur'ani lokacin da zai gane abin da yake karantawa, kuma ya yi mamakin yadda ake tilasta wa yaro karanta abin da bai fahimta ba. Ibn Haldun ya yaba wa wannan hanya, amma ya ce al'ada ba za ta bari ba, ya kuma faɗi dalilin iyaye da adalci: suna neman albarka da lada, suna kuma tsoron kada ƙuruciya ta ɗebe yaro ya fita daga hannu kafin ya sami Alƙur'ani, ya tashi ba wan ba ƙanen. Dalili ne mai ƙarfi, kuma a kansa ƙasarmu ta tafi har yau. Sai dai a duba da kyau: idan malami kamar ibnul Arabi ya ji nauyin furuci ba fahimta a littafin da furucinsa lada ne, yaya zai ce da ya ga ana yin haka da littafin da ba shi da komai sai ma'ana?

A ƙasar Hausa kuwa masu jihadi sun ba da amsa da aikinsu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya wallafa littattafansa na ilimi da Larabci, da Fillanci da Hausa yake yi wa jama'a wa'azi, kuma a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna koyar da na waje. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fillanci, ta naɗa mata da ake kira jaji, waɗanda ke kai su ƙauyuka ga matan da ake kira 'yan taru, don kada nisan gari ko rashin Larabci ya hana mace sanin farillanta. Asalin wannan kuwa a Alƙur'ani yake, inda Suratu Ibrahim ta tabbatar da cewa ba a aiko wani manzo ba sai da harshen mutanensa, kuma ta faɗi illar, wato don ya bayyana musu. Bayani shi ne maƙasudi, kuma bayani ba ya yiwuwa da harshen da mai sauraro bai sani ba.

Har boko ma da Hausa ya shigo. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909, da Hausa take koyarwa. Ba na cewa niyyar Turawa tsarkakakkiya ce, domin suna da maslaharsu, malaman ofis da na haraji suke nema, kuma ba sa ɗokin ganin talakan Arewa ya iya Turanci kamar na Ikko. Amma ko mece ce niyyar, sun gane abu ɗaya, cewa wanda ya koyi haɗa baƙi yana bukatar abin da zai karanta ya ji daɗi, in ba haka ba ya manta. A 1933 Rupert East na ofishin talifi a Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta labarai, daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Magana Jari Ce ta fara fitowa a 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, a shekarun 1950 kuma aka shiga Yaƙi da Jahilci. Ɗan elemantare yana farawa da ba, be, bi, bo, bu, ya bi Ka Koyi Karatu, ya hau Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, kuma tun daga kalmar farko da ya haɗa ya san abin da ta ce, domin kalmar gidansu ce. Zango biyun nan a tare yake cin su. Rubutun Hausa na boko ya taimaka ƙwarai, domin kusan kowane harafi sauti ɗaya gare shi ba ya sauyawa, saɓanin Turanci inda harafi ɗaya ke furtuwa ta fuska uku ko huɗu, wani ma a rubuta shi ba a furta shi. Da aka buɗe ƙofa ga kowa a shirin UPE na 1976, yara suka yi yawa fiye da littattafai da ƙwararrun malamai. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro a shekarun farko da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke magana da shi, amma rubuta manufa a takarda ya fi buga littafi sauƙi, malami kuwa da abin da ke hannunsa yake koyarwa.

A nan uba zai tashi da hujjarsa, kuma ba hujjar banza ba ce. Zai ce jarrabawa da Turanci ake yin ta, takardar neman aiki da Turanci ake cika ta, 'ya'yan masu hali a birni tun daga rainon yara da Turanci ake yi musu magana, to don me za a tsare ɗansa a kan Hausar da ya riga ya iya tun a bayan uwarsa? Tsoronsa ɗan'uwan tsoron iyayen da Ibn Haldun ya ambata ne, kada lokaci ya ƙure yaro bai samu ba. Amsar ita ce Hausar da yaro ya iya ta baki ce, abin da za a koya masa kuwa shi ne sirrin rubutu, cewa waɗannan alamomi magana ce da aka daskarar, kuma wannan sirri sau ɗaya ake gane shi a rayuwa. Wanda ya gane shi da harshen da ya sani, in ya zo Turanci harshe kawai zai koya, wanda kuwa aka haɗa masa baƙon harshe da baƙon rubutu rana ɗaya, sau da yawa ba ya samun ko ɗaya. An jarraba wannan a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi guda a hannun malamin da ya ƙware, aka tarar ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba, a sauran fannoni ma sun yi musu fintinkau. Akwai dai sharaɗi a ciki wanda bai kamata a ɓoye ba: Turancin sai an koyar da shi da gaske, ta baki tukuna, daga malamin da shi kansa ya iya. Wata hujjar kuma ta fi wannan wuya, kuma ta ƙasar Doguwa ce musamman, domin a can akwai Kurama masu harshensu, akwai Fulanin rugage a gefen Falgore, waɗanda Hausa ba ita ce harshen ɗakin uwarsu ba. Wanda ya kafa hujja da bayani ba shi da ikon ya manta da su. Abin da za a iya cewa shi ne mafi yawansu suna jin Hausa a kasuwa da wurin wasa tun suna ƙanana, ta fi musu Turanci kusa nesa ba kusa ba. Amma malamin da ya iya gaishe da yaro da harshensu, ya bar shi ya faɗi sunan abu da Kuramanci ko Fillanci kafin a rubuta shi da Hausa, ya fi kusa da adalci.

Idan an yarda da wannan, tambayar kayan aiki ta sauƙaƙa, ko da yake ba ta zama mai arha ba. Abin da malamin aji ɗaya da aji biyu yake bukata kafin komai shi ne rubutu a hannun kowane yaro, da harshen da ya sani, daidai da inda ya kai, wato abin da alaramma ya tanada tun ƙarnuka da ice da tawada. Hotuna masu launi da na'urori suna da amfaninsu in an samu, amma yatsan yaro a kan kalma ya fi su. An yi ƙoƙari a wannan fanni a shekarun baya kaɗan, kamar littattafan Mu Karanta da aka raba a jihohin Bauchi da Sakkwato, masu bin harafi da gaɓa da kalma da gajeren labari, tare da jagoran malami. Irinsu ya kamata a ce suna kowane aji daga Bebeji har Riruwai. Inda ba su iso ba, malami ba ya rasa abin yi. Kwalin da aka yar a kasuwa yana zama katin gaɓoɓi. Tatsuniyar da yaro ya ji a gida, in ya faɗe ta malami ya rubuta a allo da kalmominsa, ta zama darasin da babu wanda zai kasa ganewa. Ƙasar kuma cike take da abin rubutawa: yadda masara ke fitar da goyo, yadda ake dafa rake a yi mazarƙwaila, madatsar Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako da inda ruwanta ke zuwa, maƙeran Riruwai da suke narka kuza tun kafin Turawa su zo, Alhassan Ɗantata da aka haifa a Bebeji ya yi fataucin goro har Gwanja. Yaron da ya karanta sunan garinsu a rubuce yakan gane nan take cewa takarda da shi take magana. Sa'an nan sai biyawa: ko aji ya kai yawan da ya kai, a ware yara biyar ko shida kowace rana su karanta ɗaya-ɗaya, daga tsakiyar shafi, a kuma tambaye su me labarin ya ce. Muhammadu ibn Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyar da yara, ya wajabta wa malami daidaita su a koyarwa, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Ni kuwa ina ganin malamin da ke tafiya da 'yan sahun gaba masu ɗaga hannu, ya bar na baya suna amsa amo, ya shiga ƙarƙashin wannan gargaɗi ko bai karɓi ko kwabo daga kowa ba. Akwai kuma wata al'ada da ake tararwa a makarantu da dama, a kawo littattafai a kulle su a kabad don kada su yage kafin masu duba makaranta su zo. Littafin yara in bai yage ba bai yi aikinsa ba, kuma wanda ya kulle shi ya tuna da abin da aka faɗa a kan ɓoye ilimi.

Saura a san wanda nauyin yake kansa, domin zalunci ne a jibge shi duka a kan malamin da aka tura ƙauye mai nisa, albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, alli ma wani lokaci daga aljihunsa. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai yin su kowa ya yi laifi. Kuma ƙa'ida ce a usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. A zamanin nan babu likita, babu ungozoma mai takarda, babu malamin gona, sai ta ƙofar karatu, manomi ma yana bukatar ya karanta abin da ke jikin kwalbar maganin feshi kafin ya zuba wa masararsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi koyar da yaran Madina goma rubutu a matsayin fansar fursunan Badar wanda ba shi da dukiya, alhali masu koyarwar a lokacin mushirikai ne. Wannan ya isa dalili cewa iya rubutu da karatu abin nema ne a kan kansa, daga hannun duk wanda ya iya. Hukuma ce ta farko a ɗaukar nauyin, tun da ita ta karɓi amanar dukiyar jama'a, ita ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a Kano a 2019, ita ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Hakkin mutanen Doguwa ne su tambayi littafi nawa ya iso hannun yaro, ba aji nawa aka shafa wa fenti kawai ba. Amma farillar kifaya ba ta sauka daga wuyan jama'a don an ce akwai wanda ya kamata ya yi, sai in an yi ɗin.

Wani zai ce to a sayi littattafan da zakkar masara, tun da Allah ya hore wa ƙasar amfanin gona. A mazhabar Malikiyya wannan ba ya yiwuwa kai tsaye, domin zakka tana da masu cinta guda takwas da Suratut Tauba ta ƙayyade, kuma malaman mazhabar ba su faɗaɗa rabon tafarkin Allah har ya haɗa da gina makaranta ko sayen kayanta ba. Sai dai a ba uba matalauci zakkar ta zama mulkinsa, shi kuma ya saya wa ɗansa abin da ya ga dama. Ƙofar da take a buɗe sosai ita ce hubusi, wato waƙafi, wanda jihar Kano ma ta haɗa shi da zakka a hukuma ɗaya. Malikiyya sun halatta hubusin abin da ake ɗauka a kai wani wuri, kamar littafi da dabba da makami, sun kuma halatta a yi shi na ƙayyadadden lokaci, ba lalle sai na har abada ba. Saboda haka manomin ƙasar Doguwa da ya sayar da amfaninsa da kaka, yana iya sayen littattafan koyon karatu na aji guda ya tsayar da su hubusi ga makarantar garinsu, ya kuma gindaya sharaɗi, tun da sharaɗin mai hubusi abin bi ne a shari'a matuƙar bai saɓa mata ba, cewa a raba su a hannun yara kowace safiya, a bar su su tafi da su gida ranar Alhamis, kuma wanda ya yage a ɗinke shi a mayar.